Jan Zare a Cikin Kwamfutar Kawu

Shekara goma sha tara ina gyaran kwamfuta, kuma har yau akwai magana guda da in aka faɗa mini nakan ji raina ya ɓaci: a ce kada in wahalar da kaina. Matata ta ce wannan ba ƙwarewa ba ce, taurin kai ne ya samu sukundireba. Ban taɓa musa mata ba.

Maganar da wata mata ta faɗa mini ke nan ranar da ta zo shagona. Tana da wurin ɗinki a bayan tashar mota, inda ake ɗinka tambarin makarantu da na kamfanoni a aljihun riga da gaban hula. Ta ce kwamfutar da ke tuƙa injin ɗinkin ta kwana huɗu tana kawo wuta amma ba ta tashi. Fitila na kamawa, fanka na juyawa, daga nan sai ta tsaya cak. Na tambaye ta tun yaushe suke da kwamfutar. Ta ce tana 'yar makaranta mahaifinta ya saye ta, ga shi yanzu ita ma tana da 'yar makaranta.

A hanya ta ƙarasa mini labarin. Mutum ɗaya ne ya iya kwamfutar nan, kawunta, yayan mahaifiyarta. Shi ke zana tambari a cikinta, shi ke tura shi ga injin, tun zamanin mahaifinta har shagon ya dawo hannunta. In kwamfutar ta mutu, za ta kawo sabon inji irin wanda ake tura wa zane daga wayar hannu, wanda kowace ma'aikaciya za ta iya sarrafawa, Kawu kuma ya koma gida ya huta. In ta tashi, Kawu na nan a wurinsa.

"Ka dai duba mana," in ji ta. "In ba ta yi ba, kada ka wahalar da kanka."

A sana'ar nan akwai masu kiran mai gyara don ya gyara, akwai masu kiransa don ya zama shaida cewa an yi ƙoƙari. Tun kafin mu isa na riga na ajiye ta a cikin kashi na biyu.

Shagon ɗaki ne dogo marar faɗi. Injin ɗinkin ya cinye bango guda, mai kai huɗu, kowane kai da allurai jere. A ɗaya bangon an kafa ƙusoshi, kowace ƙusa da ƙullin zarenta, daga fari har baƙi. Kusa da ƙofa mata biyu suna kan keken ɗinki, ɗaya doguwa mai yawan magana, wadda kowa ke ce wa Doguwa, ɗayar kuma har na bar wurin ban ji muryarta ba. Burbushin zare ya hau komai, har saman agogon bango.

Kwamfutar tana can ƙurya, ƙarƙashin tebur. Da ganinta fara ce a da, yanzu ta koma kalar haƙorin mai shan taba. Allonta irin mai ƙusumbin nan ne, wanda in za a ɗaga sai mutum biyu. Kawu na zaune gefenta, dattijo ɗan ƙarami mai tsafta, da ƙaramin almakashi rataye a wuyansa. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambayi gida da yara da aiki ɗaya bayan ɗaya, yana ce mini ɗana. Da na nuna kwamfutar sai ya ce ai ta yi aikinta, tsufa ne, shi kuwa tsufa ba shi da makanike.

Doguwa ta ce kada in saurare shi, kwana huɗu ke nan yana zaune gabanta kamar mai jinya, kuma ko lokacin da take lafiya hirar da yake yi da ita ta fi wadda yake yi da matarsa. Kawu ya ce ita kwamfutar ba ta katse masa magana, shi ya sa. Daga bakin Doguwa na ji cewa wata sabuwar makaranta ta kawo aikin tambari ɗari shida ranar Litinin, ga samfurin can a takarda an soke a bango, ranar Talata kuma kwamfuta ta ƙi tashi, sai ka ce labari ta ji.

Ni ba na buɗe ciki sai na gama da waje. Na zare duk abin da ke jone a bayanta, har da katuwar wayar da ke zuwa injin, na bar wuta da allo da kibod kawai. Na leƙa bakinta ko an manta da ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu a ciki, don sau da yawa shi ne duk ciwon, mutum ya tsallako gari saboda abin da yatsa ɗaya zai fitar. Babu komai. Na danna maɓalli.

Fanka ta tashi da gurnani. Kwamfutar ta yi ƙara ɗaya gajera, wadda a wurinmu albishir ce, don tana nufin bod, wato babban farantin da komai ke jone a jikinsa, da ram, ƙwaƙwalwar aikinta, lafiyarsu ƙalau. Farin rubutu ya fito a kan baƙin allo, ta ƙirga abin da za ta ƙirga, sannan ta tsaya a kan layi guda da ke cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Na kashe, na kunna, na shiga wurin saiti. Kwanan wata daidai yake, wato ɗan batirin ciki mai kamar kwabo bai mutu ba. Amma a layin da ya kamata sunan faifan ajiya ya fito, babu komai.

Faifan ajiya shi ne komai a nan. Manhajar zanen tana cikinsa, tambarin shekara ashirin da ɗoriya suna cikinsa, kuma irinsa ba a samu yanzu sai a juji. In ya mutu, magana ta ƙare. Na durƙusa na manna kunnena a jikin akwatin. Faifan da ya mutu yakan yi ƙwas-ƙwas, ko ya yi tsit gaba ɗaya. Wannan kuwa yana juyawa sumul, ba tangarɗa. Yana raye, magana ce ba ta isa tsakaninsa da bod. Saura abu biyu, ko waya ko bod ɗin kansa.

Da na jawo akwatin fili na fito da sukundireba, Kawu ya ce ba sai na buɗe ba, ƙurar da ke ciki za ta kama mini ƙirji. Na ɗauka kunyar dattin yake ji, kamar yadda mutane ke yi in za a leƙa musu ƙarƙashin gado. Na ce masa ƙirjina ya saba.

Ƙusoshin murfin biyu ne, kawunansu sun yi tsatsa, amma tsagin da sukundireba ke shiga yana ƙyalli. Ɗaya ma da yatsa na kwance ta. A ciki burbushin zare ya kwanta ya yi kauri kamar bargo, ya rufe fanka da bod da komai. A kan bargon nan sai ga sawun yatsu, sun yi yawo nan da can kafin su isa inda za su. Na bi su da tocila. Faffaɗar wayar da ta haɗa faifan da bod tana zaune a gurbinta in ka kalle ta daga sama, amma gefe ɗaya ya ɗago kaɗan, abin da bai fi faɗin farce ba. A wuyanta kuma an ɗaura jan zare, ƙulli ɗan ƙarami tsaf, an datse bakinsa da almakashi.

Waya takan yi sako-sako da kanta, na sha gani. Ban taɓa ganin wadda ta ɗaura wa kanta zare ba.

Na ɗago na tambayi wanda ya buɗe kwamfutar nan kwanan nan. Doguwa ta ce wa ya isa, ko ƙura Kawu ba ya bari a goge mata. Mai shirun ta girgiza kai. Mai shagon tana tsaye jikin injin, ta ce ba kowa, amma titi take kallo lokacin da ta faɗa. Nan na gama yanke hukunci. Mace mai son sabon inji, da tsohon da ba ta iya ce wa tafi, da zare a hannun kowa a shagon. Lissafin bai ba ni wuya ba.

Haushi ya kama ni, kuma gaskiya har da daɗi a ciki, irin daɗin da mutum ke ji in ya tabbata shi ne mai gaskiya a ɗaki. Gyaran bai fi a tura waya da babban yatsa ba. Da na so, in tura ta in rufe in tafi. Da na so, in kira matar nan gefe in tambaye ta. Ban yi ko ɗaya ba. Na ja aikin da gangan don ta jira. Na fita da akwatin bakin ƙofa na hure ƙurar, na zare ram na goge bakinsa da kilinar goge fensir, na canja batirin da ba abin da ya same shi. Duk wannan tana tsaye tana kallona.

Ina mayar da akwatin gurbinsa Kawu ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, bar ta haka."

"Kwantar da hankalinka, Kawu," na ce. "Yau za ka koma bakin aikinka."

Na datse jan zaren, na ajiye shi a kan tebur daidai inda mai shagon za ta gani. Na tura wayar har ta zauna daram, na mayar da sauran wayoyin, sannan na ce a tsayar da kekunan kowa ya matso ya gani. Ban saba yin haka ba. Suka tsayar, suka matso. Na danna maɓalli.

Ƙara ɗaya, farin rubutu, ƙirge. Wannan karon ba ta tsaya ba. Faifan ya yi ɗan ƙugi, allon ya yi duhu, ya dawo da launi, sannan ƙananan hotunan suka fito ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar tsofaffi suna shigowa ɗaki. Doguwa ta tafa. Na juya na dubi mai shagon don in karɓi abin da na zo nema a fuskarta. Ban sami kunya a wurin ba. Kawu take kallo, kuma na kasa gane irin kallon.

Doguwa ce ta ciro samfurin daga bango ta danƙa wa Kawu, ta ce hutu ya ƙare, ya zauna ya zana musu, masu makaranta sun ishe su da waya. Kawu ya gyara zama gaban allon. Ya ɗora yatsunsa a kan kibod, suka gudu da kansu, manhajar ta buɗe. Ya buga wata lamba, tambarin wata makaranta ya fito. Ya buga wata, na wani kamfani ya fito. Hannunsa ya fi nawa sauri, na kuma ji daɗin ganin haka, don ina ganin hujjata ce ke ƙara ƙarfi.

Sannan ya buɗe sabon shafi, baƙi wuluk ba komai a kai. Sabon tambari ba a kiransa da lamba. Sai an kama linzami, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur yana motsa kibiya a allo, an bi zanen ɗigo bayan ɗigo, ana nuna wa allura inda za ta soka. Ya ɗaga takardar kusa da fuskarsa, ya nesanta ta, ya karkata kai gefe, ya ajiye. Ya kama linzamin ya motsa. Farar kibiyar ta tafi kusurwa ta maƙale, shi kuma yana ta dannawa. Ya sake motsawa, ta dawo tsakiyar allo ta tsaya, katuwa, fara a kan baƙi. Ina tsaye a bayansa.

"Ɗana," ya ce ƙasa-ƙasa, "ina kibiyar take?"

Da ana cikin ɗinki da ba wanda zai ji, don ƙarar kekuna takan cinye ƙaramar magana a ɗakin nan. Amma ni na sa an tsayar da kekunan. Kowa ya ji.

Na sunkuya na ce tana tsakiya. Ya ce to, ya ɗan matsar da hannunsa, ya ce yanzu fa. Na yi maza na ce ban yarda da ƙarar faifan nan ba, akwai wani abu da nake ji, bari in kashe in sake dubawa, wataƙila ma ba za ta kai gobe ba. Na miƙa hannu wajen maɓalli. Ya riƙe mini wuyan hannu, bai ko laluba ba.

"Ta gyaru, ɗana. Kada ka ɓata aikinka."

Ya saki linzamin ya juyo da kujerarsa wajen matan, ya yi musu bayani a natse, kamar yana ba da labarin wani. Ya ce ya fi shekara tsakiyar ganinsa ya tafi, sai gefe-gefe. In ya kalli mutum yana ganin kafaɗunsa, ba ya ganin fuska. Tsofaffin tambari ya san lambobinsu a ka, zare kuma ya san ƙusar kowane launi, shi ya sa aikin bai tsaya ba. Da sabuwar makarantar nan ta kawo nata, ya san an zo wurin. Ranar Talata ya riga kowa zuwa da safe, ya kwance murfin, ya laluba har ya sami wayar da ta fi faɗi, ya ja ta a hankali don kada ya ji mata ciwo. Zaren kuwa al'adarsa ce, duk inda ya farke ɗinki sai ya sa alama, don in ya yi nadama ya san inda zai koma. Ya ce so ya yi a ce kwamfuta ce ta tsufa.

Doguwa ta rufe baki da hannu. Mai shirun ta koma kekenta ta zauna, ta riƙe rigar da take ɗinki, ba ta taka ba. Ni kuwa na shiga tattara kayana, na sa tocila a jaka, na fito da ita, na sake sawa.

Mai shagon ta raka ni bakin ƙofa. A waje ta gaya mini cewa ta sani tun bara. Kullum in an tashi ita ke bin ƙusoshin nan tana mayar da kowane zare wurinsa, don in aka yi musaya ɗaya zai ɗinka ganye da shuɗi. Abin da ya kuskure tana farkewa ta gyara kafin ya zo. Ranar Talata ta ga sukundireban injin a kan teburinsa, ta mayar da shi aljihun tebur ba ta ce komai ba. Ta kira mai gyara ne don in ba ta kira ba za a ce ɗokin rabuwa da shi take yi, kuma an gaya mata kwamfuta mai shekaru irin wannan ba wanda ke tsayawa a kanta yanzu.

Na ce da ta gaya mini a hanya.

"Abin da shi bai gaya mini ba," in ji ta, "ta yaya zan gaya wa baƙo?"

Ba faɗa take yi ba, da ma faɗan ta yi da na fi jin sauƙi. Kunya ta rufe ni, na tsaya riƙe da jaka ina kallon masu sayen tikiti a tashar. Ta koma ciki. Ta ƙofa na ga Kawu ya kashe kwamfutar bi da bi yadda ake kashe ta, ya jira har fankar ta yi shiru, ya lulluɓe allon da ƙyalle. Ya cire almakashin daga wuyansa ya sa a aljihu. Ya yi sallama da matan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa Doguwa ta rage surutu kusa da sabon injin kada ya koya. Ba wadda ta yi dariya.

Ya fito ya same ni inda nake. Rana ba ta ko karkata ba, titin cike yake da motoci masu shiga tasha da masu fita. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce aikina na yi, kuma na iya shi, in da shi ne ma haka zai yi. Sannan ya ce shekara guda ke nan yana tsallake titin nan da kunne, safe da yamma, yana tafiya da sauri don kada a gane, kuma ba ranar da gabansa bai faɗi ba.

"Tunda kai ka fasa maganar," ya ce, "sai ka tsallakar da ni."

Na mayar da jakar ɗaya kafaɗar. Ya laluba ya kama gwiwar hannuna, riƙonsa ba nauyi. Muka tsaya a bakin titi muna jiran motocin su ragu, ni ina dubawa.